Matakalar da Auke Ya Goge

Auke Wiersma shekara arba'in da shida ya yi yana goge gefen jiragen ruwa, kuma bai taɓa mallakar ko kwale-kwale ba. In ka tambaye shi dalili sai ya ce ruwa amai yake sa shi. Gaskiyarsa ce kuwa. Mutum haifaffen garin Lemmer, ruwa gaba ruwa baya, amma da ya taka jirgi fuskarsa za ta koma kamar an wanke ta da madara. Abin da yake da shi mota ce, irin mai gado da kicin da ɗan banɗaki a ciki, wadda shi da matarsa Hiske suka saya shekara goma sha tara da suka wuce. Duk watan Mayu sai su loda mata buhun dankali da cuku da kofi, su nufi bakin kogin Mosel a Jamus, zango ɗaya, fili ɗaya, gindin bishiya ɗaya, su yi sati uku su dawo. Dankalin daga gida ake tafiya da shi, don Hiske ta ce na Jamusawa ruwa ne kawai aka sa wa ɓawo.

To a watan Oktoban bara Hiske ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ta yi wata huɗu tsakanin asibiti da gidan masu gashin ƙashi. Da ta dawo, hannun ya ɗan dawo, ƙafar kuwa sai ja. Baki ne dai ko gezau bai yi ba.

Wata Lahadi cikin Maris, 'yarsu Marrit ta zo shan kofin ƙarfe goma. Marrit ma'aikaciyar jinya ce, irin matan nan da ko sannu suka ce maka sai ka ji kamar umarni ne. Aka miƙa gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, Hiske ta rufe shi. Marrit ko cizon nata ba ta yi ba ta fara da babanta, wanda take ce wa Heit a yarensu, uwarta kuma Mem.

"Heit, a sayar da motar nan."

"Wace mota?"

"Guda nawa gare ka? Wadda ke ɗakin shanun Baukje tana tara ƙura."

"Ba ta tara ƙura. Na rufe ta."

"Heit, Mem ba za ta iya hawa ba. Dakalin ƙofar gidan nan ma sai an riƙe ta. Kai kuma shekararka saba'in da ɗaya, kafaɗarka ta tashi aiki. In ta faɗi a can Jamus wa zai ɗaga ta? Bishiyar?"

"Za ta hau."

Hiske ta ajiye kofinta da ƙarfi. "Ina zaune fa a nan. Kuna ta maganata kamar buhun dankali, a ɗora ko kar a ɗora."

"To Mem, za ki iya?"

"Oho. Na gwada ne?"

Marrit ta ja dogon numfashi. Ta ce to shi ke nan, ga magana ɗaya. Asabar ta bayan bikin Ista a kawo motar ƙofar gida. In Mem ta hau da ƙafarta ta sauko da ƙafarta, ba wanda ya ɗaga ta, ita Marrit ta yi shiru har abada. In ba haka ba, akwai wani mutumin garin Drachten da ya daɗe yana neman irinta, za ta kira shi.

Auke ya ce ya ji. Dama shi magana tsada take masa.

Washegari ya hau kekensa ya tafi gonar Baukje. Baukje bazawara ce, ta sayar da shanunta tuntuni, yanzu motocin hutu na mutane ne ke kwana a ɗakin shanun duk lokacin sanyi, jere kamar suna jiran tatsa. Warin kashin dai bai tafi ba. Auke ya yaye tamfol, ya zaga motar, ya buga tayoyi da ƙafa, sannan ya tsuguna gaban matakalar.

Matakala ce doguwa a gefen motar, daga ƙofar gaba har ƙofar ɗaki, ta faiba, irin abin da ake yin jirage da shi. Da can shuɗiya ce mai duhu. Yanzu rana ta cinye ta, ta yi fari fat kamar busasshen ƙashi. Ya shafa da yatsa, yatsan ya fito da gari kamar alli. Ya daɗe yana kallon yatsan.

Wallahi duk mai hankali da zai fara auna tsayin abin ne, ya nemi ɗan akwatin takawa, ya kafa abin riƙewa a bakin ƙofa. Auke bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne matarsa za ta ɗora ƙafa a kan abu mai kama da gawa. Ya ce a ransa ba dai a gabansa ba.

Sai ka san ma'aikatar da ya yi aiki za ka gane kansa. Yana ɗan shekara sha bakwai ya shiga, lokacin ana barin katako ana komawa faiba. A can mutane kashi biyu ne, 'yan gefe da 'yan daɓe. 'Yan gefe su ne masu goge jikin jirgi har ya riƙa ɗaukar ido. 'Yan daɓe kuwa sama suke, inda ake takawa, aikinsu fenti da yashi da abin hana santsi. Ba sa zama tebur ɗaya wajen cin burodin rana. 'Yan daɓe na kiran 'yan gefe masu shafa hoda, 'yan gefe na kiransu birkiloli. Auke ɗan gefe ne tun ranar farko har ranar da aka ba shi kek da musafaha aka ce ya je ya huta. Akwai lokacin da masu kuɗi daga Jamus ke cewa in ba shi zai goge ba, kar a taɓa musu jirgi. Abin da ya fita da shi daga can: kunnen da ke ƙara kullum kamar firiji, yatsun da ke yin fari in sanyi ya taɓa su, da kafaɗar da ba ta kai hannu kan kanta mai tsawo. Bai taɓa yin aikin wurin da ƙafa ke taka ba. A wurinsa duk abin da aka ce gyara, to ƙyalli ake nufi.

Ya fara da ruwan sabulu mai ɗumi. Sannan samfefa jiƙaƙƙiya, daga mai ɗan kaushi zuwa mai laushi zuwa wadda in ka taɓa za ka rantse takarda ce kawai. A tsugune yake yi, kan wani tsohon matashin kujera, bokiti a gefe, ruwan na gangarowa fari-fari yana bin hannun rigarsa. Awa biyu ya yi, ya miƙe da ƙyar yana dafa taya, ya koma. Shuɗin ya fara leƙowa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin farin.

Abu ɗaya ne ya dame shi. A saman matakalar akwai wasu ƙananan tudu-tudu da aka zubo ta da su tun daga masana'anta, shekaru sun cinye rabinsu. Datti ya shige tsakaninsu, samfefa ba ta kai ciki, in ya goge sai su bar ɗigo-ɗigon fari kamar ƙyasbi. Kwana biyu yana fama da tsohon buroshin haƙori. Rana ta uku ya ɗauko katakon goga ya naɗa masa samfefa ya bi su ya baje su duka. Sumul. Ya ji daɗi har ransa.

Baukje kan kawo masa kofi ƙarfe goma da ƙarfe uku, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu.

"Kai Auke, aure za ka ƙara ne da motar nan?"

"Uhm."

"Sati biyu kana kan abin taka ƙafa. Mijina marigayi a sati biyu ya gina rabin ɗakin nan."

"Shi ya sa yake yoyo."

"Ji ɗan banza. Sha kofinka kafin ya huce."

Daga nan ya ɗauko tsohon injin gogewarsa, wanda nauyinsa ya fi ƙarfin kafaɗar yanzu. Ya bi da man goge mai kaushi, ya bi da mai laushi. Da yamma in ya koma gida cokali ma rawa yake a hannunsa. Hiske na kallo, ba ta cewa komai sai "Ka zubar da miya a riga." Shi zai wanke kwanuka, ya taimaka mata ta cire takalmin nan mai ƙarfe a gefe, ya shafa mata mai a ƙafar, ya shafa wa kafaɗarsa sauran. Ita ma nata aikin take. Kullum sau goma tana hawa dakalin ƙofar baya tana sauka, tana zagin ƙafar da sunaye kala-kala. Ba wanda ya tambayi wani ina aka kwana.

A ƙarshe ya shafa kaki. Sau uku, yana bari ya bushe yana murzawa da tsumma mai laushi. Da ya gama, matakalar ta koma shuɗiya kamar ranar da aka fito da ita, har ta fi. Fitilun rufin ɗakin shanun na kwance a cikinta ɗaya bayan ɗaya. Baukje ta sunkuya ta buɗe baki ta duba haƙoranta a ciki, ta ce ashe akwai alayyafo tun rana ba wanda ya gaya mata.

Asabar ɗin ta zo da yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa ka sai ka yi minti goma ka ga ka jiƙe. Auke ya faka motar ƙofar gida. Ruwan ya tsaya a kan matakalar dunƙule-dunƙule kamar duwatsun ado, ko ɗaya bai baje ba. Ya nuna wa Marrit.

"Kin gani? Haka kaki na gaske yake yi."

"Na gani, Heit. Ta yi kyau."

Hiske ta fito da sandarta, sanye da rigar ruwanta ja, ta ma sa jan baki. Maƙwabta biyu sun leƙo ta taga, ɗaya ya fito wai zai duba kwandon shara. Ta iso bakin ƙofar ɗakin motar, ta miƙa wa Auke sandar, ta ce kowa ya matsa. Ta dafa gefen ƙofa, ta ɗaga ƙafar dama mai lafiya ta ɗora, ta tattara nauyinta duka a kai.

Ƙafar ta tafi kamar an fizge ta. Ƙaurinta ya daki bakin matakalar, ta yi baya. Marrit ta cafke ta ta hammata, amma duk da haka sai da suka kai ƙasa su biyu, zaune daɓas cikin ruwa. Jini ya fara bin safar Hiske.

Auke na tsaye da sanda a hannu.

Marrit ta shafa matakalar da tafin hannu, ta ɗago ta dube shi. "Me ka sa a nan? Heit! Me ka shafa?"

"Kaki."

"Kaki? A wurin takawa? Ina tudun da ke kai?"

"Na baje su. Datti suke..."

"Ka baje su! Mace mai ƙafa ɗaya, ka yi mata madubi ka ce ta taka! Da ƙugunta ya karye fa? Ka san mata nawa nake gani da suka shiga asibiti da karayar ƙugu ba su fito ba?"

Hiske ta ce, "Ya isa. Ku ɗaga ni. Mutumin can ya gama duba shararsa ko sai na kwanta?"

Suka kai ta ciki. Marrit ta wanke ciwon ta ɗaure, ta fita baranda ta yi waya. Da ta dawo ta ce mutumin Drachten zai zo Asabar mai zuwa ƙarfe sha ɗaya. Auke ya mayar da motar gonar Baukje, ya zauna a kan bokiti a kife yana kallon aikinsa har kofin ƙarfe uku ya zo ya huce a gefensa. Aiki ne mai kyau, abin haushin ke nan. Ya fi shekara goma bai yi mai kyau irinsa ba.

Ranar Litinin ya yi abin da ya shekara takwas bai yi ba, ya je gidan Sipke. Sipke ɗan daɓe ne, tare suka tsufa a ma'aikata. Ranar bikin sallamar Auke, Sipke ya sha ya ɗan yi yawa, ya miƙe ya ce a tafa wa mutumin da ya yi shekara arba'in da shida bai taɓa yin aikin da ya hana wani faɗawa ruwa ba. Mutane suka yi dariya. Tun daga ranar ko a kanti suka haɗu sai dai kowa ya karanta bayan gwangwani.

Sipke ya buɗe ƙofa da singileti, yana tari irin na waɗanda suka shaƙi fenti rabin rayuwarsu.

"A'a. Mai hoda. Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Saura kaɗan dai."

Ya gaya masa a tsaye a bakin ƙofa, bai rage komai ba. Sipke ya saurara, ya buɗe baki zai yi dariya, tari ya ƙwace. Da ya lafa sai ya ce, "Hiske ce ta faɗi?" Ya juya ciki ya ɗauko rigarsa.

A ɗakin shanun Sipke ya zaga matakalar sau biyu, ya tsuguna ya duba ta ta gefe da ido ɗaya.

"Kyau kam ta yi, ba ƙarya. Tarko mai kyau ka ɗana wa matarka."

"Faɗi abin da za a yi."

"Ɗauko samfefar da ta fi kowace kaushi. Wadda kuke rainawa. Ka fara wanke kakin nan da ruwan tina, sannan ka karce ta."

"Duka?"

"Saman duka. Gefen ka bar kayanka, ka riƙa kallo kana jin daɗi."

Auke ya wanke kakin. Ya ɗauki samfefar, ya ɗora, ya tsaya. Sipke ya ce in ba zai iya ba ya kawo. Auke ya ce ba wanda zai taɓa. Ja na farko ya bar farin layi daga wannan kai zuwa wancan, ƙarar kamar ana yaga zane. Sati uku ya yi yana hawa da abin, awa ɗaya da rabi ta isa ya sauko da shi.

Suka zagaye gefe da salatif. Sipke ya haɗa fentin jirgi mai kauri, toka-toka, don shi kaɗai ya rage masa a gareji, ya shafa da rola. Sannan ya leƙa waje ya ƙwala wa Baukje kira.

"Baukje! Kina da sukari mai manyan ƙwaya? Da rariya?"

"Kek za ku yi?"

"Kawo dai, ke tsohuwa."

Auke ya ce, "Ba yashi ba?"

"Yashi na cin gwiwa in mutum ya faɗi, kuma yana tsinkewa. Tsaya ka ga aikin birkiloli."

Ya zuba sukarin a rariya ya riƙa kaɗawa a kan ɗanyen fentin, a hankali, har saman ya rufe fari kamar an yi ƙanƙara. Ya ce kar a taɓa sai jibi. Karen Baukje ne ya fi ba su wahala, sai da aka ɗaure shi. Kafin su tashi Sipke ya zaro wani maƙalin ƙarfe na jirgi daga jakarsa, ya kafa shi a bakin ƙofar ɗakin motar da kusoshi huɗu, ya rataye da nauyinsa ya gwada.

"Wannan ma ba ka yi tunaninsa ba ko?"

"Ban yi ba."

"To. Aƙalla ka faɗa."

Ranar Laraba suka zuba ruwan ɗumi. Sukarin ya narke ya gangara, ya bar dubban ƙananan ramuka a cikin fentin. Auke ya shafa. Kaushi kamar harshen kyanwa. Launin kuwa kamar simintin bayan gida. Sipke ya watsa ruwan sabulu a kai ya hau da takalminsa ya yi ta murza ƙafa, ko motsi. Auke bai ce ta yi kyau ba, don ba ta yi ba. Ya ce na gode, a ciki-ciki. Sipke ya ce bai ji ba, ya maimaita. Auke bai maimaita ba.

Da ya gaya wa Hiske a gida, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Na gama da motar nan."

"Yanzu ba santsi. Sipke ya..."

"Ko Sarki ne ya gyara. Na zube sau ɗaya a gaban layin nan, jan baki da komai. Ba zan ƙara ba. Ka bar ni, Auke, na gaji. Kai ma ka gaji."

Ta daina hawa dakalin ƙofar baya. Alhamis da Juma'a ta wuni gaban talabijin, ƙafar a kan kujera. Auke bai sake tayar da maganar ba. Bai iya lallashi ba, bai taɓa koya ba.

Asabar ƙarfe tara ya kawo motar ƙofar gida don a kwashe kayan ciki kafin mai saye ya zo. Ruwa ake yi sosai wannan karon. Marrit ta shiga da baƙaƙen ledoji, ta fara buɗe durowoyi tana jefawa. Hiske ta ce ba za ta fito ba. Minti goma sai ga ta a bakin titi da sanda da lema, wai ta zo ta ga abin da ake zubarwa ne kawai.

"Wannan tukunyar ba ta shara ba ce."

"Mem, gindinta ya ƙone."

"Ita ce ke dafa dankali daidai. Ajiye. Kai, wannan tawul ɗin na wa kika sa a leda?"

"Duk ya yage."

"Na goge takalmi ne! Marrit, ba nan ake buɗewa ba, sai kin danna, za ki karya min murfi. Danna na ce! Wai ke a asibitin haka kike yi wa mutane?"

"Mem, ki bar ni in yi aikina."

"Aikinki? Shekara sha tara ina jera durowar nan."

Sai ƙarar wani abu ya fashe a ciki. Marrit ta ce kofi ne kawai, ɗaya daga cikin masu fure.

Hiske ta miƙa wa Auke lemar. Ta miƙa masa sandar. Ta matso bakin ƙofa, ta dubi matakalar tana yamutsa fuska.

"Wannan muni fa? Kai ka yi?"

"Ni da Sipke."

"An gani."

Ta ɗora tafin takalmin ta murza, ta sake murzawa da ƙarfi. Ta kama maƙalin ƙarfen da hannun dama. Auke ya matso, ta ce in ya taɓa ta sai ta kwaɗa masa mari. Ta ja jikinta sama. Ƙafar dama ta zauna daram. Ta hagun ta tsaya a ƙasa kamar ba tata ba, ta yi ta ja, ta zage ta, gwiwar ta lanƙwashe, bakin takalmin ya karci gefen nan mai ƙyalli ya bar dogon tabo, ya hau. Ta tsaya a kan matakalar tana haki, ruwa na zuba a wuyanta. Saura taki ɗaya zuwa ciki. Ta yi shi.

Marrit na tsaye da leda a hannu, baki buɗe.

"Matsa. Fito min da tukunyata."

"Mem... sauka fa? Mun ce har da sauka."

"Na sani, ba kaina ne ya shanye ba."

Saukar ta fi wuya. Da baya ta yi ta, hannu a maƙali, ƙafar hagu na lilo tana laluben matakalar. Sau biyu tana fasawa. Auke ya riƙe sandar nan har yatsunsa suka yi fari, bai motsa ba. Da ƙafafunta biyu suka taɓa titi sai ta jingina goshinta da jikin motar. Marrit ta share ido da bayan hannu, ta ce ruwa ne ya shigar mata, alhali a ciki take.

Sha ɗaya saura biyar wata farar mota ta tsaya a baya. Marrit ta ce, "Yanzu ni zan je in ba mutumin nan haƙuri, tun daga Drachten."

"Ke kika kira shi. Ki ba shi kofi. Biskit ɗaya," in ji Hiske.

Da Marrit ta tafi, Hiske ta juyo ta dubi mijinta. Lemar na rawa a hannunsa, kafaɗar ta kasa riƙe ko lema.

"Ba za mu Mosel ba," in ji ta.

"Kin hau ai."

"Na hau. Kai ne ba za ka iya awa shida a sitiyari da wannan hannun ba, kar ka yi min ƙarya. Akwai zango a bakin tafki bayan garin Sloten, minti ashirin. Kwana huɗu. In mun ji daɗi mu ƙara."

"Sloten? Ana hango hasumiyar cocinsu daga nan."

"To sai ka riƙa hango gida. Kuma bana kaɗai, Auke. In kaka ta yi a kira mutumin can, in bai yi fushi ba."

Ya so ya yi gardama, ya laluba bai samu ƙarfin ba. Ya ce to. Ta karɓi sandarta ta nufi gida tana jan ƙafa, tana ƙwala wa Marrit kira kar ta kuskura ta ba baƙo kofi a kofin fure.

Auke ya naɗe lemar, ya zauna a kan matakalar cikin ruwan. Kaushin ya kama wandonsa ta baya. Ya zauna a nan har Marrit ta leƙo ta ce ya shigo ya kwashe ledojin ya mayar da komai inda yake, Mem ta ce ita za ta faɗi wurin kowanne.